Matar Nan Mai Keke da Masu Masaukinta

Ranar da takardar bautar ƙasa ta 'yata ta fito, ina zaune a tsakar gida bayan La'asar ina duba takardun jarrabawar ɗalibai. Ta miƙo mini wayarta ba ta ce uffan ba. Na gyara tabarau na duba, sai na ga Kuros Riba. Ban ko ƙarasa karanta sauran bayanin ba na fara lissafin mutanen da na sani, wane ne zai yi wa wane magana a dawo da ita Kaduna ko Kano, in ta yi nisa Bauci. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, in Allah Ya yarda za a san yadda za a yi. Sai ta durƙusa a gefen tabarma, ta sunkuyar da kai yadda ta saba in za ta faɗi abin da ta san ba zai yi mini daɗi ba, ta ce, "Baba, ni da za ka bar ni da na je. Ai kai ka ba ni littafin matar nan mai keke."

Gaskiya ta faɗa, ni na ba ta. Tana aji biyar na sakandare na ɗauko shi daga kanta na ce ta karanta ko Turancinta ya ƙara kauri kafin jarrabawa. Iyakar niyyata ke nan. Ashe yarinya ta bar nahawu ta kama wani abu dabam, ta riƙe shi shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta mayar mini da shi. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kunna fitila, na sauko da littattafan matar guda bakwai da na tara ɗaya bayan ɗaya a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, na jera su a gabana ina kallo kamar alƙalin da aka kawo wa masu laifi.

Sunan matar Dervla Murphy, 'yar ƙasar Ailan. Ta tashi a wani ƙaramin gari da ake kira Lismore, an haife ta a 1931, kuma a garin ta rasu cikin watan Mayun 2022 tana da shekara 90. Mahaifinta shi ne mai kula da ɗakunan karatu na gundumarsu. Ranar da ta cika shekara 10 aka yi mata kyautar keke na hannu da littafin taswirar duniya. Ta duba taswira ta ga cewa in mutum ya tsallake ruwa ya sauka Faransa, ƙasa ce a haɗe har Indiya, sai ta ƙudurta a ranta wata rana za ta je can a kan keke. Abin bai yiwu da wuri ba. Ciwon gaɓoɓi ya kwantar da mahaifiyarta, ga shi ita kaɗai suka haifa. Tana da shekara 14 ta bar makaranta ta zauna jinya, ta yi shekara 16 tana ɗagawa tana kwantarwa, dare da rana. Ta ba da labarin wannan zaman a littafinta Wheels Within Wheels na 1979, kuma ba ta yi wa kanta kwalliya ba: ta faɗi yadda abin ya kusa taɓa mata hankali, ta faɗi irin ƙuncin da takan ji game da uwar da take ƙauna. Duk wanda ya taɓa doguwar jinyar tsoho ya san wannan ƙunci, mu dai ba mu cika furta shi ba. Mahaifin ya rasu a 1961, mahaifiyar ta bi shi a 1962.

Cikin watan Janairun 1963, a hunturun da Turai ta daɗe ba ta ga mai tsananinsa ba, ta hau kekenta a garin Dunkirk na Faransa ta fuskanci gabas. Keken na maza ne, ta raɗa masa suna Roz. Ta sa an cire masa na'urar canza giya don kada ta lalace a inda babu mai gyara, ta kuma aika da tayoyin canji ta gidan waya zuwa biranen da ke gabanta. Ta ratsa Yugoslabiya da Bulgeriya da Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan, ta shiga Delhi a watan Yuli. Inda hanya ta gagara ko hukuma ta hana ta, ta hau mota, kuma ba ta ɓoye ba. Kowane dare, komai gajiya, sai ta rubuta abin da ya faru a yinin, in ya taru ta aika wa abokanta a gida. Waɗannan rubuce-rubuce ne suka zama Full Tilt, wanda ya fito a 1965, littafin da na ba 'yata.

Da ina saurayi, abin da ke ɗaukar hankalina a littafin shi ne abin da ke ɗaukar hankalin kowa. Kyarketai sun far mata da dare a cikin dusar ƙanƙara a Yugoslabiya, ta harbe su da 'yar ƙaramar bindigar da ke aljihunta. A Afganistan rigima ta kaure a cikin motar haya, gindin bindigar wani ya same ta bisa kuskure ya karya mata haƙarƙari uku. A arewacin Pakistan ta haura mashigin Babusar, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, tana ɗauke da keken da ya kamata ya ɗauke ta. Na sha ba ɗalibaina waɗannan labarai a ranakun da zafi ya kashe wa aji jiki, kuma ba su taɓa kasa tayar da masu gyangyaɗi ba.

Amma a daren da nake magana, da na buɗe littafin da idon uban da 'yarsa ke neman izinin tafiya, sai na tsaya a shafin farko, wanda na saba tsallakewa. Ta sadaukar da littafin ne ga mutanen Afganistan da Pakistan, don godiya bisa yadda suka karɓi baƙuncinta. Na kuma tuna lissafin da ta bayar na abin da ta kashe a dukan tafiyar: fam 64 da 'yan sulalla. Ko a wancan zamani wannan kuɗi kaɗan ne ga mai ci da kwana a hanya har rabin shekara. To, wa ya biya ragowar? Amsar tana nan a kusan kowane shafi, ni ne dai ban taɓa haɗa lissafin ba. Mai shayi ne da ya ƙi karɓar kuɗi. Direban babbar mota ne da ya ɗora keke a kan kaya ya ce ta shiga gaba. Magidanci ne a ƙauyen da ba ya cikin taswira, wanda ya raba gurasarsa biyu ya nuna mata inda za ta kwanta. Akwai manya ma a ciki, don ta sauka a gidan sarautar Swat, amma mafi yawan masu masaukinta mutane ne da abincin da suka ba ta ya rage wa yaransu wani abu.

Ana kiranta matar da ta yi tafiya ita kaɗai, haka ake rubutawa a bayan littattafanta. Ni yanzu ina ganin kalmar ta yi wa gaskiya ƙwange. Ita kaɗai ta bar gida, wannan haka ne. Amma daga Dunkirk zuwa Delhi hannu ne ke miƙa ta ga hannu, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa a wajen kashe gobara. Jaruntarta ta gaske ba a harbin kyarkeci take ba. Tana cikin yadda take isa ƙauye da magariba, ba ta jin harshensu, ba ta san kowa ba, ta jingine kekenta ta zauna, ta ci abin da aka ba ta, ta kwanta inda aka nuna mata, ta rufe ido ta yi barci a tsakiyar mutanen da in sun so cutar da ita babu mai jin labari. Wannan ita ce yarda, kuma mutum kan ji nauyin wanda ya yarda da shi. Bindigar ma tun a Afganistan ta sayar da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kullum yardar takan biya. A ƙarshen 1966 ta sauka Massawa a gaɓar Bahar Maliya, ta nufi Addis Ababa a ƙafa ta kan tsaunukan Habasha, tafiyar mil dubu da 'yan kai, da alfadarin da ta raɗa wa suna Jock yana ɗauke mata kaya. A wannan tafiya an yi mata fashi har sau uku, kuma a kusa da tafkin Tana ta zauna tana kallon waɗanda suka tare ta suna shawarar ko su kashe ta ko su sake ta. In Ethiopia with a Mule, wanda ya fito a 1968, shi ne na fi so a cikin littattafanta, domin a nan ne aka gwada aƙidarta da wuta. Ta ji tsoro ta faɗa, ta yi fushi ta faɗa. Abin da ba ta yi ba shi ne ta ɗora laifin 'yan fashi a kan al'umma dukanta. Washegari ta sake isa wani ƙauye da magariba, ta sake zama tana jiran a nuna mata wurin kwana.

A 1968 ta haifi 'ya mace, Rachel, ta kuma rene ta ita kaɗai ba tare da aure ba. Wannan ba tafarkinmu ba ne, haka shan giyarta da ya cika littattafan, haka rabuwarta da addinin iyayenta, kuma ba su na zo karewa ba. Abin da ya shafe ni shi ne abin da ta yi da yarinyar. Tana da shekara 5 ta tafi da ita kudancin Indiya. Tana da 6 ta kai ta Baltistan a tsakiyar hunturu, can ƙuryar arewacin Pakistan inda kogin Indus ke ratsa duwatsu, suna bin 'yar siririyar hanya a gefen rami, yarinya a kan ɗan doki mai suna Hallam, abincinsu sau da yawa busassun 'ya'yan itace. Tana da 9 suka taka mil 1,300 a tsaunukan Peru, daga Cajamarca zuwa Cuzco, da wata alfadara. Sunan wannan littafi na 1983, Eight Feet in the Andes, lissafin ƙafafu ne: biyu na uwa, biyu na 'ya, huɗu na dabba. Na tuna lokacin da na fara karanta labarin Baltistan, 'yata tana rarrafe a lokacin, na ajiye littafin cikin fushi na ce wa uwargida wannan mata ba ta da tausayi. Har yau ban janye maganar gaba ɗaya ba. Sai dai ita tana da hujjarta, wadda ta bayyana daga baya: in ka shiga gari da yaro, ka nuna wa mutanen garin iyakar yardarka da su. Hujjar ta yi mini nauyi a daren nan fiye da yadda na so.

Littafinta da ya fi kusa da mu shi ne Cameroon with Egbert na 1989. A 1987 ita da Rachel, wadda ta kai shekara 18 a lokacin, suka yi wata uku suna yawo a ƙafa a tsaunukan yammacin Kamaru, daga yankin Bamenda zuwa ɓangaren Adamawa, ba nisa da iyakarmu. Egbert sunan dokin da ke ɗaukar kayansu ne. A nan mai karatu Bahaushe zai ga abin da ya sani: rugagen Fulani, ƙwaryar nono da ake miƙa wa baƙo kafin a tambayi sunansa, doguwar gaisuwa, kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Akwai ban dariya, don saboda gajeren gashinta da kaurin muryarta mutane da yawa sun ɗauka namiji ce, har suna zaton Rachel matarta ce. Akwai kuma abin da ba na dariya ba. Sun ratsa yankin tafkin Nyos, inda a daren 21 ga Agustan 1986 wata iska mai shaƙe numfashi ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta gangara kwari, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, da yawansu suna cikin barci. Ƙasa da shekara guda bayan haka suka bi ta kusa da gidajen da babu kowa a ciki.

A wannan littafi ne kuma na fi ganin iyakarta, domin a nan ina da ma'aunin da zan auna ta da shi. Ba ta jin Fulatanci, ba ta jin Hausa, kamar yadda ba ta ji harshen mafi yawan ƙasashen da ta ratsa ba. Abin da ta gani da ido takan faɗe shi daidai, amma ma'anar da take ba shi wani lokaci tata ce. Sannan tana da wata ƙiyayya ga kwalta da mota da duk abin da ake kira ci gaba, tana baƙin ciki in ta ga titi ya nufi ƙauyen da ta so. Na fahimci abin da take tsoro, don na ga abin da titi ya kawo garinmu, mai kyau da marar kyau. Amma ni an haife ni a ƙauyen da kafin zuwan titi a kan amalanken shanu ake ɗaukar mace mai naƙuda, kuma ba duka ke isa ba. Mai sha'awar ƙauye marar hanya yawanci yana da tikitin komawa gida a aljihu. Akwai kuma abin da ita kanta ba ta musa ba: farar fata da fasfon Turai sun buɗe mata ƙofofi. A wurare da yawa an zaunar da ita cikin maza an girmama ta kamar namiji, alhali matan gidan suna bayan katanga. Mu juya labarin mana. A ce wata 'yar Zinder ce ta hau keke ta nufi Dunkirk. A ofishin biza tafiyar za ta ƙare. Samarinmu da ke bi ta Agadas su keta Sahara sun fuskanci abin da ya fi kyarkeci, amma sunan da duniya ta ba su shi ne baƙin haure, kuma babu kamfanin ɗab'in da ke jiran rubutunsu.

Duk da haka ba zan rage mata abin da ta cancanta ba, musamman a littattafanta na baya, inda ta daina neman tsauni mafi tsawo ta koma neman mutanen da ba a saurara. A tsakiyar rikicin Ailan ta Arewa ta hau keke ta shiga unguwannin Katolika da na Furotesta ta zauna da kowane ɓangare, ta fitar da A Place Apart a 1978. Tana da shekara 60 ta tuƙa keke daga Kenya zuwa Zimbabuwe, ta tarar duk inda ta sauka maganar ƙanjamau ake yi, sai ta bar abin da ta zo nema ta rubuta wannan. Sunan littafin The Ukimwi Road, kuma ukimwi shi ne sunan cutar da Swahili. A ciki ta caccaki Bankin Duniya da ƙungiyoyin agaji na Turai da kalmomin da ko 'yan jaridarmu sai su yi tunani kafin su buga. A 2011, tana dab da shekara 80, ta shiga Gaza ta mashigar Rafah ta yi wata guda tana shiga gidaje tana sauraro. Ba ta taɓa koyon tuƙin mota ba, kuma da keken rubutu ta yi aikinta har tsufa. Keke biyu ke nan suka ɗauki rayuwarta.

Ina cikin juya waɗannan littattafai sai kakata ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta. A zamanin Turawa ta bi mijinta suka nufi Makka a ƙafa, ta Maiduguri da Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, da Abeche, suka shiga Darfur. A nan mijin ya rasu. Ba ta juyo ba. Ta bi ayari zuwa El Obeid, ta yi damina biyu tana tsinkar auduga a Jazira tana tara kuɗin jirgin ruwa, ta sauke farali, ta dawo gida bayan shekara bakwai. Dubban mutanenmu sun bi wannan hanya, wasu sun zauna can, jikokinsu na nan a Sudan har yau. Muna da littattafan tafiya a Hausa, irin Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, amma na 'yan boko ne da suka je Turai. Tafiyar su kakata, wadda ta fi tsawo ta fi haɗari, a bakin tsofaffi ta zauna, ta kuma bi su kabari. Abin da nake iya tunawa daga labarinta kaɗan ne, amma na tuna wannan sarai: ba ta cika maganar ƙishirwa ko kuraye ba. Sunaye take lissafawa. Wance da ta ba ta zane a gari kaza, wane da ya haƙa kabarin mijinta bai karɓi ko anini ba. Bayan kowace sallar Asuba sai ta jero su tana yi musu addu'a, mu yara muna ƙosawa. A wannan fanni ta fi Dervla Murphy, wadda ta ambaci sunayen wasu masu masaukinta, da yawa kuma suka wuce a shafi a matsayin wani tsoho ko wata mata.

To, a nan ne tunanina ya juya ya fuskance ni. Tun da 'yata ta nuna mini takardar nan, tambaya ɗaya nake yi: su wane ne mutanen can, za su riƙe mini ita amana? Ban tambayi kaina yadda mu muke riƙe na wasu ba. A watan Agustan 2023 wasu matasa takwas daga Akwa Ibom suka hau mota za su sansanin bautar ƙasa a Sakkwato, aka tare su a hanya cikin jihar Zamfara aka shiga da su daji. Wasunsu sun yi watanni a can. Iyayensu sun yi irin lissafin da nake yi, sun yi ƙarfin hali sun sake su, suka turo mana su baƙi. Afganistan ɗin da Dervla Murphy ta ratsa a 1963, zamanin Sarki Zahir Shah, ta fi ƙaunarta a kan duk ƙasashen da ta bi, kuma shekara 16 bayan haka sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga, hanyar da ta bi ta zama fagen yaƙi na shekaru arba'in. Amincin hanya abu ne da mutane ke ginawa da hannunsu, yana kuma rushewa a cikin rayuwar mutum guda. Ni da nake rubutun nan na yi tafiyar dare daga Zariya zuwa Birnin Gwari ina ɗalibi, motarmu ta lalace, muka kwana a wani ƙauye aka ba mu tuwo. Yau ko da rana sai na yi shawara da iyalina.

Saboda haka tsorona ba na banza ba ne, kuma littafi bai isa ya goge shi ba. Akwai kuma maganar addini, wadda ba ni da ilmin yanke hukunci a kanta. Na je wajen wani malami da nake girmamawa, ya yi mini bayanin maganar muharrami, ya kuma ambata cewa malaman Malikiyya sun yi sauƙi ga mace ta tafi aikin Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Ya ce in duba hanya, in duba abokan tafiya, in duba masauki, sannan in yi istihara. Na lura duk abin da ya lissafa a kan mutane yake komawa.

Na yi kwana huɗu ban ba ta amsa ba. A na biyar na kira ta bayan Isha na ce za ta je, amma bisa sharuɗɗa, don ni ba Dervla Murphy na haifa ba, ita ma ba a Lismore ta tashi ba. Babu tafiyar dare. Ƙanena zai raka ta har ƙofar sansani a Obubra, su kwana a Makurɗi wajen wani tsohon abokin karatuna. Kullum bayan Magariba za ta kira. Ta ce, "Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma," ta tashi da sauri don kada in ga fuskarta, ko kuma don kada ta ga tawa. Uwargida ba ta yi mini magana ba sai da aka kwana biyu.

Bayan sati uku na sansani aka tura ta koyarwa a wata makarantar ƙauye a yankin Ogoja. Ranar da ta isa, Magariba ta wuce ba ta kira ba, Isha ta wuce. Na fita ƙofar gida na dawo ya fi sau goma, ina tsine wa keke da taswira da duk wanda ya ƙirƙiro su. Wajen ƙarfe tara waya ta yi ƙara. Ta ce in yi haƙuri, sai an hau wani tudu ake samun sabis. Ɗakin da makaranta ta tanada rufinsa ya yaye, sai wata tsohuwa, gwauruwa, mai zuwa coci kowace safiya, ta ce ta zo ta zauna a ɗakin ɗanta da ke Legas. Ta ce tsohuwar ta aika kasuwa an sayo sabuwar tukunya da sabon cokali, ta ce nata ne ita kaɗai, don ta ji an ce Musulmi ba kowane nama suke ci ba. Sannan ta kama hannunta ta kai ta tsakar gida, ta nuna mata inda rana ke fitowa, ta tambaye ta ko nan ne take fuskanta in za ta yi salla.

Na ce, "Yaya sunanta?"

Ta faɗa. Na ce ta maimaita a hankali, don harshena bai saba da irinsa ba. Ta maimaita sau biyu tana dariya, tana rarraba mini shi gaɓa-gaɓa. Na laluba aljihu na sami biro, amma babu takarda a kusa sai littafin Habasha da ke kan tabarma tun wancan dare. Na buɗe bangon ciki na rubuta sunan a nan, na karanta mata ta ce na yi daidai, saura harafi ɗaya.